Zauren da Muka Je Nema a Damagaram

Tun da muka dawo daga Damagaram ba ku bar ni na huta ba. A bakin masallaci, a kasuwar Babura, har wanda ba ma doguwar gaisuwa da shi sai ya tsayar da ni: "Sale, yaya garin?" In ce lafiya lau, a ce ba wannan ake tambaya ba. To ga shi nan gaba ɗaya. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, ni ba na son maimaita magana.

Ba yawon buɗe ido na je ba. Yayana na raka, Yaya Idi, wanda duk Kanya Babba an san shi da gini. Idonsa na hagu ya mutu shekara biyu da suka wuce. Na dama kuma likita a Kano ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar ce take mutuwa, kuma ba ta dawowa. Ganin da ya rage masa kamar na mai leƙe ta ramin ƙyaure ne, kullum ramin ƙara tsukewa yake.

Ubanmu magini ne. Ya rasu ina goye, ban san fuskarsa ba, hoto kuwa babu. Duk ginin da ya yi a ƙasarmu ko ruwa ya ci, ko an rushe an sa bulo. Saura guda ɗaya da Yaya yake sa rai yana tsaye: wani zaure a cikin Birnin Damagaram, na wani attajirin fata, da suka gina wata shekara da suka je cin rani, lokacin Yaya yana miƙa wa Baba ƙasa. Ya ce yana so ya ga zauren nan kafin idon ya rufe. 'Ya'yansa suka ce rigimar tsufa ce. Ni ma haka na ce a raina. Amma shi ya tono ni da hannunsa ranar da katanga ta faɗo mana a Roni, ta kashe mutum biyu, ta bar min ƙafar nan da kuke gani. Ba zan ce masa a'a ba. Na sami wanda zai riƙe min gadin rumbun hatsi kwana uku, muka kama hanya ana tsakiyar zafin bazara.

Daga Kanya zuwa Babura acaɓa muka hau. A tasha muka shiga ƙaramar mota da aka ƙera don mutum biyar, aka zuba mu tara, ban da buhunan garin kwaki a bayanmu. Ƙafata ba ta lanƙwasuwa, sai na miƙe ta a kan cinyar wani mai sayar da tabarmi. Haka ya ɗauke ta har garin Babban Mutum. Da muka sauka ya ce, "Malam, in za ka dawo ka gaya min ranar, in zauna a gida."

A nan muka canza 'yan kuɗinmu zuwa sefa, muka nufi iyaka. Ɓangarenmu ba a daɗe ba. Ɓangaren Nijar aka sauke kowa, aka ce a tako da ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Wani jandarma, jami'in tsaron can, ya ce a kawo takarda. Yaya ya laluba aljihu ya miƙa masa katin asibiti, yana zaton katin ɗan ƙasa ne. Jandarman ya juya katin, ya dubi idon Yaya.

"Baba, da wannan idon ina za ka?"

"Zan je in ga gini."

"Gini? Nijeriya ginin ya ƙare?"

"Na ubana ya ƙare."

Jandarman ya mayar masa da katin asibitin. Ya karɓi katin gaskiya daga hannuna, ya sa aka kawo wa Yaya benci, ni kuma ya bar ni a tsaye a rana har aka gama zazzage buhunan garin kwaki. Wani ma'aikacin kuma ya buɗe kwalbar maganin idon Yaya ya shinshina, kamar a ciki muka ɓoye fetur.

Magarya muka ci abincin rana. Burodinsu dogo ne siriri, bayansa kamar ɓawon itace. Na gatsa sau ɗaya, haƙorina da ya daɗe yana girgiɗi ya zauna a ciki. Mai shayin ya ce ai tsomawa ake yi. Na ce da ya faɗa tun farko. Kuma mutanen nan in rana ta take ba sa motsi. Direban Damagaram ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motarsa ya kwanta, fasinja cike, ba wanda ya ɗaga murya. Da a Babura ne da an ja shi ta ƙafa. Sai bayan azahar muka tashi, muka shiga gari ana kiran magariba.

Mun sauka a unguwar Zango, gidan wata Hajiya Gaji mai ba 'yan kasuwa ɗaki. Tsohuwa ce gajeriya, ba ta dariya. Ɗaki, tabarma biyu, bokitin ruwa ɗaya. Na ce mu biyu ne. Ta ce ta iya ƙirga. Na yi wanka da rabi, na watsar da ragowar da na wanke ƙafa a tsakar gida. Sai ga ta a kaina.

"Ɗan Nijeriya, rijiya ka zo da ita a jaka? Ruwan wankin ƙafa na bishiyar can ne."

Ban sake ba. Garin nan ruwa ba abin wasa ba ne, duk lungu sai ka ci karo da mai tura jarkoki. Abincinsu bai yi nisa da namu ba: tuwon gero, miyar kuka, sai dai yajin ya fi ƙarfin mai sabon gurbin haƙori. Furarsu kuwa na yaba, ba sa yi mata rowar nono. Shayi ne matsala. Maza suka kira mu ƙofar gida, aka ba ni ɗan kofi kamar na awon magani, ɗaci kamar maɗaci. Na shanye na miƙe. Aka ce ina zan je, saura zagaye biyu, tashi bayan na farko raini ne. Na koma na zauna.

Da safe Yaya ya gaya wa Hajiya abin da ya kawo mu. Ta ce, "Birni ba a shigarsa da ka. Lunguna ne kamar hanjin akuya. Ku nemi Lawali, shi ne mai yawo da baƙi."

Na ce, "Yawo da baƙi sana'a ce?"

"Da ita ya aurar da 'ya'ya uku."

Wannan shi ne abin da ya fi ba ni mamaki a tafiyar. A wurinmu in baƙo ya tambayi hanya, ka ajiye abin da kake yi ka raka shi, ladanka yana wurin Allah. A can mutum ya tashi da safe, ya rataya kati a wuya, ya tara baƙi, ya zaga da su unguwar da aka haife shi a ƙafa, yana nuna musu bangon maƙwabtansa, a sallame shi.

Mun same shi a bakin tsohuwar ganuwa. Dogo ne, ya haura hamsin, da tsagen Barebari a fuska da wata koɗaɗɗiyar lema. Baƙinsa na ranar uku ne ban da mu: mata biyu malaman makaranta daga Yamai, da wani Alhaji ɗan Maraɗi mai ɗaukar hoto da waya. Ya ce a da Turawa yake yi wa, yanzu sun ɗauke ƙafa, sai 'yan ƙasa jefi-jefi. Ya tambayi daga ina muke. Yaya ya ce ƙasar Kazaure.

"Fulani ke nan. Me ya haɗa Bafulatani da gini? Ku da bukkar kara."

Yaya ya ce, "Uwarmu ce Bafulatana. Gini kuwa mun ga Barebari sun kasa ne, muka zo taimako."

Lawali ya yi dariya, ya ce yau ya samu bayinsa. Yaya ya kwatanta masa zauren: baka biyu masu ɗauke da rufi a ciki, babban dutse a gefe, bishiyar kurna a ƙofa, mai gidan fata yake saye. Lawali ya ce, "Baba, Birni duk dutse ne. Kurna kuwa an daɗe da yin girki da ita. Amma ku biyo ni, duk zauren da ya yi kama za mu leƙa."

Yadda yake aikinsa: da baya yake tafiya, fuskarsa na kallon baƙi, bai taɓa yin tuntuɓe ba. Ya faɗi magana da Hausa, ya juya ta da Faransanci saboda matan. Kowane lungu da labarinsa, kuma ka ji ka san ya faɗe shi sau dubu. Nan aka daure dawaki, nan fatake suke sauke kaya, wannan dutsen an ce ba a hawansa ranar Juma'a. Duwatsun kamar namu na Kazaure, sai dai su a tsakiyar gidaje suke, an yi gini an jingina da su. Baƙin su ɗaga kai, su ɗauki hoto, a wuce.

Yaya ne ya ɓata tsarin. Ba ya wuce ƙofar da ya ji motsin mutum bai yi sallama ba. In an amsa sai ya tsaya: an tashi lafiya, ya iyali, ya zafi, ya ƙoƙari. In an kawo ruwa sai ya tsuguna ya sha. Matan Yamai suka fara duba agogo. Lawali ya dawo baya.

"Baba, in muka gaisa da kowa, sai Sallah za mu fita daga Birni."

"A garinmu wanda ya tsaya yana kallon bangon mutum bai yi sallama ba, ɓarawo ne yana auna tsayi."

"A nan sun saba."

"Ni ban saba ba."

Muka iso wani gida mai zane a fuska, ja da fari da shuɗi. A nan Lawali ya fi daɗewa. Ya ce zanen nan tun kafin zuwan Nasara yake, ba a taɓa shi ba. Alhajin Maraɗi ya tsaya a gaba a ɗauke shi hoto. Yaya ya matsa, ya sa farce ya kankari ƙasan bangon, ya murza a yatsa.

"Siminti ne. Jar ƙasa aka shafa a kai."

Ɗaya daga cikin matan ta tambayi me ya ce, ɗayar ta gaya mata, suka tuntsire. Lawali ya ja Yaya gefe, murya ƙasa.

"Baba, tuwona kake zubarwa."

"Ginin ciki tsoho ne, wannan ban musa ba. Fatar ce sabuwa. Ka riƙa cewa haka."

"Wa zai ba ni ko sisi don ya kalli sabuwar fata?"

Daga nan duk inda zai yi dogon bayani sai ya fara duba ina Yaya yake.

Kafin azahar baƙin uku suka sallame shi suka tafi. Mu ya ci gaba da mu, ban san ko tausayi ba ne ko so yake ya rabu da mu da hujja. Zauren da muka shiga ya fi goma. Kowanne sai an yi sallama, a nemi izini, a jira mai gida ya sa riga. Yaya ya shiga ya tsaya, Lawali ya haska masa fitilar waya a sama, ya ɗaga kai yana juya wuya yana neman inda ramin idonsa zai faɗa. Sannan ya dafa bango, ya ce, "Ba shi ba ne." Mu fito. Wani wurin mun tarar an yi shagon cajin waya. Wani wurin tudun ƙasa ne kawai da awaki a kai.

Ni kuwa ƙafata ta kumbura har takalmi ya ƙi fita. Lungunan hawa da sauka ne, ƙasa da tsakuwa. Tun ina bin su kusa har na koma ina hango lemar Lawali daga nesa. Bayan la'asar muka zauna a gindin wani dutse. Yaya ya jingina ya rufe ido. Lawali ya yafito ni, muka matsa 'yan taku.

"Malam Sale, in gaya maka gaskiya, ko in gaya maka irin ta baƙi?"

"Gaskiya."

"Zauren nan ko ya faɗi, ko yana cikin lungunan can ƙarshen Birni, inda ba na kai kowa. Akwai wani tsohon magini a can. In hankalinsa yana nan, wataƙila ya tuna attajirin fatar. Yini guda ne a ƙafa, gobe, kuma ban yi maka alkawari ba." Ya dubi ƙafata. "Ko kuma akwai wani zaure nan kusa. Baka biyu, dutse a gefe. Duk shekara sai an zo min neman gidan kaka, daga Kano, daga Agadas, har daga Sudan. Wanda na ga ba zai samu ba, can nake kai shi. Ya yi kukansa, ya yi addu'a, ya koma gida zuciya a sanyaye. Mai gidan ya saba."

"Mutum nawa ka ba gidan nan?"

"Ban ƙirga ba. Ba wanda ya taɓa dawo min da shi."

Ba zan ɗora wa Lawali ba. Hanya biyu ya shimfiɗa min, ni na zaɓa. Na tuna hawan da ke gabanmu gobe, na dubi Yaya, na ce a raina mutumin da ba ya bambance katin asibiti da na ɗan ƙasa ba zai bambance zaure da zaure ba. Na ce, "Kai mu na kusa."

Lawali ya koma ya tsuguna a gaban Yaya. "Baba, na tuna wani. Ban san yadda aka yi ya kwanta min ba."

Zauren yana bayan wani dutse mai kama da turmi a kife. Mai gidan tela ne, tsoho, kekensa a bakin ƙofa. Da ya ga Lawali da baƙi ya ɗaga ƙafa daga keken, ya gyara hula. Aka gaisa. Lawali ya ce ga 'ya'yan maginin da ya gina zauren nan, daga ƙasar Kazaure. Telan ya ce, "Ikon Allah. Na sha jin mahaifina yana cewa magina ne daga kudu." Ko numfashi bai ja ba wurin faɗa.

Ginin mai kyau ne, wannan ko ni na gani. Baka biyu sun haɗu a sama, sanyi kamar an yi yayyafi. Yaya bai nemi fitila ba. Ya bi bango da tafin hannu tun daga ƙofa har ya zagayo. Ya ce a ba shi abin takawa. Telan ya kawo benci, na riƙe shi, ya hau. Ya kai hannu can saman ƙofa ta ciki, inda ruwa ba ya taɓawa, ba a kuma sake yaɓe, inda sawun yatsun maginin farko yake zama. Ya daɗe a wurin. Hannuna ya gaji da riƙon benci.

Da ya sauko ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya ɗaga hannu: "Allah ya jiƙan wanda ya yi wannan aiki, ya sa kabarinsa ya yi sanyi kamar zauren nan." Muka shafa. Ya gaya wa telan akwai tsaga a kusurwar gabas, ya toshe kafin ruwa ya sauka. Lawali ya raka mu har bakin titi ya tsayar mana da babur. Ya ce wa Yaya, "Bawana, ka yafe min wahalar rana." Yaya ya ce, "Ka dai daina yi wa siminti ƙaryar shekaru."

Washegari, ranar da ya kamata mu yini a ƙarshen Birni, muka yi sallama da Hajiya Gaji muka hau motar Magarya. Na ji sauƙi, ba zan ɓoye ba. A Magarya muka zauna a wata rumfar ƙasa muna jiran motar iyaka ta cika. Na sayo fura. Yaya ya sha, ya goge baki.

"Sale."

"Na'am, Yaya."

"Maginin nan na jiya gwani ne. Amma da dama yake aiki. Duk shafarsa ta kwanta irin ta mai dama. Baba bahago ne."

Na ajiye kwanon. Na rasa inda zan sa idona, ko da yake ba ganina yake ba. Na miƙe.

"Mu koma. Ga motar Damagaram can tana lodi. Akwai wani tsohon magini a ƙarshen Birni."

"Na sani. Na ji ku a gindin dutse. Zauna."

"Ka ji, ka yi shiru?"

"Tun azahar nake jin yadda kake jan ƙafa a bayana. Kuma tun zaure na biyar ba na ganin komai a cikin duhu, ko da fitilar. Ina ɗaga kai ne don kada ku karaya."

"Hannunka ai zai gane."

"Zai gane."

Motar Damagaram ta cika ta tashi muna zaune. Ban sake cewa mu koma ba, shi ma bai ce ba.

Can na ce, "Ba wanda ya taɓa gaya min Baba bahago ne."

"Ba ka taɓa tambaya ba. Kawo hannunka. Ba wannan ba, ɗayan."

Ya kama hannuna na hagu, ya shimfiɗa shi a bangon rumfar, ya ja shi sama, ya karkatar da shi, ya sauke. Ya sake. Ya ce, "Haka yake yi." Na haura sittin, ranar na fara sanin wani abu na jikin ubana.

Komowa ba abin faɗa. Jandarman ba ya nan, wani ne, bai ko dube mu ba. Mun iso Kanya bayan la'asar, ƙafata ta yi mako biyu kafin ta shiga takalmi.

Idon Yaya ya ƙarasa rufewa kafin a yi shuka. Yanzu yana zaune a ƙofar gida, masu gini suna zuwa su kai shi ya dafa musu bango. Bai taɓa tayar min da maganar ba, ko sau ɗaya. Masu tambaya ko mun ga zauren: ba mu gani ba. Yana tsaye ko ya faɗi, ban sani ba. Yini guda ya rage mu sani, ni na hana.